Shafi Uku a Cinyar Kaza

A gidan hayar nan mai hawa biyu, wanda igiyoyin shanya suka yi wa tsakar gidansa layi-layi kamar littafin makaranta, babu wanda bai san muryar mai fentin da ke hawan sama ba. Shafi-Uku ake ce masa. Duk hirar da ka ɗauko da shi, ta ƙwallo ce ko ta tarbiyyar yara, sai ya karkace kai, ya kanne ido ɗaya, ya ɗaga yatsu uku ya ce, "Komai na duniya shafi uku ne. Na farko bango ya sha, na biyu ya rufe, na uku ya yi ƙyalli."

Wata biyu ke nan burusansa na jiƙe a gwangwani babu aiki. Keken ɗinkin matarsa ne ke riƙe da gidan, yana kuka daga safe har yamma. Shi kuwa in ka tambaye shi sai ya ce ba rashin aiki ba ne, zaɓe yake yi.

Matar tana da wa, wanda kowa ke kira Yaya. Shi ke kula da wasu gidaje goma sha biyu na wani kamfani, kuma an bar masa wuƙa da nama ya nemo wanda zai fente su. Yaya mutum ne mai tsadar magana. Abu ɗaya ya taɓa faɗa a kan mijin ƙanwarsa, cewa bakinsa ya fi burushinsa gudu, kuma bai janye ba. Matar ta yi waya, ta yi zarya, ta ɗinka masa riguna biyu, da ƙyar ya yarda zai zo ran Asabar ya ci abincin rana, ya ƙare wa mutumin kallo, sannan ya yanke.

Ran Alhamis da Yaya ya zo karɓar rigunan, tsautsayi ya sa ya ciro waya ya nuna wa ƙanwarsa hoton wata gasasshiyar kaza da ya ci a wani taron aiki.

"Wata miya suke shafa mata a kan wuta," in ji shi. "Su kuma zubo maka ita a ɗan kwano ka riƙa tsomawa. Zaƙi-zaƙi, tsami-tsami, ga ƙanshin hayaƙi. Ban taɓa cin irinta ba."

Rabon da a ji Yaya ya jera magana haka tun ranar da aka sace masa babur. Shafi-Uku ya leƙo ta kafaɗarsa, ya kanne ido.

"Wannan? Haba Yaya. Ja ne da ɗigon baƙi, sai ɗan ruwan ƙasa. Wasan yara. Turo min hoton, ran Asabar za ka ci wadda ta fi ta."

"Ka taɓa cin ta?"

"To na taɓa cin bango? Amma ai ina haɗa masa kala."

Matar ta take masa ƙafa ta ƙarƙashin keke. Ya janye ƙafar, ya ci gaba da murmushi. Kafin rana ta faɗi ya gayyaci duk mutanen gidan, sama da ƙasa.

Asabar da sassafe ya shiga kicin cikin rigar aikinsa mai ɗigo-ɗigon fentin shekara goma. Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, ya bi gefen murhu da tef, ya jingina wayar a jikin gwangwanin sukari. Matar ta riga ta tafasa cinyoyin kaji ashirin, don ta ce ko me zai faru ba za a ci ɗanyen nama a gidanta ba.

"Maigida, Nas ta ƙasa, mai aikin asibitin nan, ta iya wannan miyar. Bari na tambayo maka awon."

"Awo? Hajiya, awo na 'yan koyo ne. Ni idona ne sikeli."

Ya juye tumatirin gwangwani biyar a tukunya, ya watsa albasa da tafarnuwa, ya tuttula ruwan khal mai tsami har sai da hancinsa ya yi zafi. Ya ɗiga kaɗan a bayan farin faranti, ya kara da wayar. Ja ya yi yawa. Ya ƙona sukari fakiti guda a kasko ya juye. Ya ƙara zuma kwalba ɗaya saboda sheƙi. Ya sake ɗigawa, ya ja da baya taku uku, ya kanne ido.

"Ka ɗanɗana mana," in ji matar daga bakin ƙofa.

"Shekara ashirin ina haɗa kala. Kin taɓa ganin na lashi burushi?"

Abin mamaki, duk sanda ya kalli hoton sai ya ga kamar ya ƙara duhu. Ya ce lallai idonsa ne ke ƙara buɗewa, yanzu ya fara ganin asalin kalar. Ya zuba garin kofi cokali huɗu. Bai kai ba. Ya ƙara garin cakulan. Saura ƙiris. Ya dafa ganyen shayi har ya yi baƙi ƙirin, ya tace a ciki.

Daidai nan Makanike, maƙwabcinsa na ɗakin gefe, ya zuro kai ta tagar kicin. Shi ya yi alkawarin aro rabin duro da ragar gashi, kuma shi mutum ne da ba ya son wani abin dariya ya wuce ba da shi ba.

"Oga Shafi, duro na ƙasa. Kai! Wa ya kawo maka baƙin man da na juye daga inji jiya?"

"Jahilci dai bai yi ba. Zo ka gani." Ya ɗaga farantin da wayar tare. "Nuna min bambanci. In ka nuna min, na bar fenti na koma wanke maka sifana."

Makanike ya duba. Gaskiya babu bambanci, duka biyun baƙi ne.

"Maigida, wayarka ke ta ƙara tun ɗazu," in ji matar. "Cajinta ya ƙare, shi ya sa ta rage haske."

Ta miƙa hannu ta jona ta a bango. Fuskar wayar ta washe tar. Kazar da ke cikin hoton ta fito ja-ja, ruwan zuma-zuma, tana ta ƙyalli. Tukunya kuwa ta ce fut, ta tofar da wani baƙin kumfa.

Shafi-Uku ya dubi hoton, ya dubi tukunya.

"Wa ya taɓa min hoto?" in ji Shafi-Uku.

Makanike ya sulale ƙasan taga, sai kafaɗunsa kawai ake gani suna rawa.

"Ba komai," in ji mai fenti, yana naɗe hannun riga. "Wannan kullum muna gani a wajen aiki. Kala in ta yi duhu, fari ake ba ta. Hajiya, me muke da shi fari?"

"Haƙurina. Shi ma ya kusa ƙarewa."

Ya jawo gwangwanin madarar gari ya juye rabi. Madara ta gamu da ruwan khal, nan take suka ɓata, miya ta kakkarye ta yi gudaji-gudaji kamar tsakuwar gini. Ya bi ta da fulawa don ta sasanta su. Tukunya ta cika ta fara amai. Ya juye a babbar tukunya, ita ma ta cika. Ya ɗauko sabon bokiti, wanda ya rantse ko ruwa bai taɓa gani ba.

Ludayi ya kasa gudajin. Shafi-Uku ya fita, ya dawo da injin huda bango, an ɗaura masa dogon ƙarfen dama fenti.

"Ba dai a kicin ɗina ba!"

"Na wanke shi da sabulu sau uku. Ku matsa, aikin maza ne."

Makanike, maimakon ya matsa, sai ya ƙara zuro kai. Inji ya ce wuii! Bokiti ya juya a kan gindinsa kamar mai rawa. Miya ta tashi ta gaida silin, ta gaida firji, ta yi wa agogon bango gemu, ragowar ta sami Makanike a fuska daga goshi zuwa haɓa.

Harshen Makanike ya fito da kansa ya lashi leɓe. Sai ya tsaya cak. Idonsa ya kawo ruwa. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka sau biyu.

"Yaya ka ji?" in ji Shafi-Uku, yana goge ƙarfe.

Makanike ya dubi matar, ya dubi bokitin, ya tuna cewa ƙarfe biyu gidan nan zai cika da mutane.

"Oga," ya ce a hankali, "tana da nauyi."

"Ka ji ko, Hajiya? Nauyi! Abin da ake nema ke nan a kaya mai kyau."

Gudajin dai ba su mutu duka ba. Kowane mai fenti ya san maganin wannan, tacewa ake yi da yadi mai shara-shara. Matar ta sauka ƙasa kai wa wata ɗinki, ta dawo ta tarar da shi ya ɗaure sabon mayafinta a bakin tukunya yana matsa shi da hannu biyu.

"Innalillahi! Mayafin da ko sau ɗaya ban yafa ba!"

"Ai ruwan toka ne, ba ya yi miki kyau. Yanzu ga shi ya samu kala kyauta."

Ta tuna gidaje goma sha biyu. Ta koma kan kekenta, ta taka shi da ƙarfin da har gilashin taga ya ɗauki rawa.

Ya mayar da miyar kan wuta don ta yi kauri. Ta yi kauri. Ya ƙara mata minti ashirin don ta kama jiki. Da ya ɗaga ludayi sai ta biyo shi kamar igiya, ba ta tsinke ba har ya kai hannu saman kansa. Kalar kuwa, a gaskiya, ta yi kusa da ta hoton, in dai mutum ya tsaya a bakin ƙofa ya kanne ido ɗaya.

Sai aka zo kan shafi. Ya fara da saɓule wa cinyoyin fata tas, don ba a ɗora sabon fenti a kan tsoho. Duk inda wuƙa ta tsaga naman ya toshe da tumatiri mai kauri, ya shafe da ɗan yatsa. Ya ɓare sabon burushi daga leda. Ya kwashi zaren ɗinkin matarsa ya ɗaure kowace cinya ta ƙashi, ya jera su a igiyar baranda, ashirin reras, ya yi musu shafin farko daga sama zuwa ƙasa. Ya kunna musu fanka. Saboda sabo, har ya yagi kwali ya rubuta HATTARA, BAI BUSHE BA, ya rataye a gefe.

Yana cikin shafi na biyu wata murya ta taso daga tsakar gida kamar jiniya.

"Malam Shafi-Uku! Malam Shafi-Uku! Leƙo nan!"

Nas ce. Tana tsaye hannu a ƙugu, a gaban fararen rigunan aikinta guda uku da ta shanya daidai ƙarƙashin barandarsa. Kowacce ta yi ɗigo-ɗigo daga wuya har ƙasa.

"Ina kwana, Nas. An tashi lafiya?"

"Da lafiya na tashi, kafin ka yi wa kayana ƙyanda! Da me zan shiga asibiti ran Litinin? Marasa lafiya su gan ni su ce ni ce mai jinya?"

"Ki yi haƙuri, ai na sa alama."

"A sama! Ka sa alama a sama! Tsuntsaye ka rubuta wa?" Ta ɗago kai ta hangi abin da ke lilo a igiya. "Wai tsaya. Kaji ne waɗancan? Ka shanya kaji?"

"Suna shan iska kafin shafi na uku."

"Miyar gashi a ƙarshe ake shafa ta, bawan Allah! In nama ya kusa sauka! Sukarin da ke ciki ƙonewa yake yi!"

"Nas, da girmamawa, ke allura aka koya miki. In na zo asibiti ba zan ce miki ga inda za ki soka ba."

"Allah ya kawo ka. Wallahi ni zan karɓe ka, kuma babbar zan zaɓa."

Ƙudan zuma ne suka raba su. Sun ji labarin kwalbar da aka juye, suka zo bin kadi. Shafi-Uku ya yi shafi na uku da hannu ɗaya, ɗayan yana kore su da kwalin hattara. Ɗaya ta sakar masa harbi a kunne. Ya ce wannan shaida ce, ƙudan zuma ba sa bin kayan banza.

Ƙarfe biyu saura, tsakar gida ta cika. An jera benci da kujerun roba, kowa da farantinsa a cinya. Makanike ya hura gawayi a rabin duro, ya zaɓi kujerar da ta fi kusa, ya harɗe. Ƙarfe biyu daidai Yaya ya shigo cikin sabuwar rigarsa, tarin makullan gidajen kamfani na kaɗawa a hannunsa. Ya amsa gaisuwa da kai, ya zauna.

Shafi-Uku ya sauko da cinyoyin a faffaɗan tire, kunne ɗaya ya kumbura ya yi biyun ɗaya.

"Jama'a, ku buɗe ido. Abin da wasu ke hawa mota su je taro kafin su ci, yau ga shi ya zo har ƙofar ɗakinku."

Ya jera su a raga. Minti ɗaya, sai ƙanshi mai daɗi, har wata tsohuwa ta ce ma sha Allah. Minti biyu, shafin ya fara tafasa yana ɗiga a garwashi. Minti uku, wuta ta ce bal, ta tashi har ta lashi igiyar shanya. Wani baƙin hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe gidan. Aka fara tari daga wannan benci zuwa wancan. Tagogin sama suka riƙa rufuwa garam, garam.

"Ƙanshin hayaƙin da Yaya ya faɗa ke nan!" Shafi-Uku ya ɗaga murya daga cikin duhun. "Makanike, fifita!"

"Oga, in na ƙara fifitawa sai dai a kira 'yan kwana-kwana!"

Mai shagon ƙofar gida ya faɗo a guje da bokitin ruwa yana salati. Da ƙyar aka riƙe shi.

Da hayaƙi ya lafa, cinyoyin sun manne da raga sun zama abu ɗaya. Shafi-Uku bai ko girgiza ba. Ya zaro ƙarfen kankare bango daga aljihu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɓamɓarowa, kowacce ta faɗa tire da ƙara, ƙwal, kamar an yar da dutse. Sai dai fa sheƙi. Baƙi sumul, ba ƙurji ba tabo, kamar ƙofar sabuwar mota. Mutum na iya gyara hularsa a jiki.

Aka raba. Aka zuba ragowar miyar a ƙananan kwanoni don tsomawa, aka kawo burodi.

Makanike ya ƙwanƙwasa tasa da ɗan yatsa, ya kara a kunne. "Salamu alaikum. Akwai kaza a ciki?"

Tsohuwar nan ta soka cokali mai yatsu, yatsun suka lanƙwashe. Nas ta tsoma burodi a kwano, ta ɗaga, kwanon ya biyo burodin. Ta riƙe su a sama tana nuna wa jama'a. Nan take mai shago ya tuna yana azumi. Wani ya ce haƙorinsa na ciwo tun jiya. Wata ta ce likita ya hana ta duk abin da ke ƙyalli.

Matar Shafi-Uku tana tsaye jikin matakala, ta yi tagumi, ba ta kallon kowa sai makullan da ke hannun wanta.

Yaya ya juya cinyarsa a faranti. Ya ɗago.

"Ka ɗanɗana?"

"Yaya, ai ƙwararre ba ya..."

"Bismillah. Kai za ka fara."

Ido ya yi masa caa. Shafi-Uku ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya zaɓi babbar cinya, ya murɗa ta a kwano har ta ɗebo miya, ya kai baki ya gartsa da dukkan ƙarfinsa. Ɓawon ya fashe, ƙaras.

Ɗaci ne ya fara yi masa sallama. Bayansa tsami ya shigo ba izini. Sai kofi, sai ƙonanniyar madara, sai tafarnuwa, sai wani zaƙi mai hawa kai har tsakiyar ido. Hawaye ya zubo masa. Ya ce a ransa ba komai, yanzu zai ce musu haka ake cin ta a manyan wurare, sai harshe ya saba. Ya zare ƙashin, ya tattara kalmomin, ya zo buɗe baki.

Baki ya ƙi.

Sukari fakiti guda da zuma kwalba ɗaya sun haɗa haƙoran sama da na ƙasa sun ɗaura musu aure. Ya ja, ya murɗa muƙamuƙi, jijiyar wuyansa ta tashi. Ko iska ba ta wuce ba.

"Yaya ka ji, Oga?" in ji Makanike. "Da nauyi ko?"

"Mmm."

"Ya ce a ƙaro masa," in ji Nas.

Gida ya kece da dariya, har da masu leƙe ta tagogin sama. Mai shago ya zauna a kan bokitinsa yana riƙe ciki.

Yaya kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗaga cinyarsa ya kara da hasken rana, ya juya ta a hankali. Ya zaɓi makulli ɗaya ya karce ta, bai ga alama ba. Ya tsiyaya mata ruwa daga kofi, ruwan ya gangare bai tsaya ba. Ya shafa ta da babban yatsa daga sama har ƙasa.

"Wannan ba abinci ba ne," ya ce. "Kar wanda ya ba wa ko kyanwa." Ya sake juya ta. "Amma babu sawun burushi. Babu inda ya taru, babu inda ya yi ƙaranci. Duka ashirin ɗin haka suke?"

"Mmm!" Shafi-Uku ya gyaɗa kai har kunnen na lilo.

"Gida goma sha biyu. Kwana nawa?"

Ya ɗaga yatsu uku, yana nufin kwana uku.

"Sati uku yake nufi, Yaya," matar ta yi caraf, ta matso. "A natse, ba gaggawa."

"Mmm! Mmm!"

"Ka ji ya amince."

"Kamfani ya riga ya zaɓi kala," in ji Yaya. "Daga gwangwani zuwa bango. Ba ƙari, ba ragi, ba ido."

Shafi-Uku ya zaro ido, yana da jawabi mai tsawo a kan wannan. Jawabin ya tsaya a bayan haƙora.

"Ya yarda," in ji matar.

"Ba surutu da masu haya. Ba shiga kicin ɗin kowa."

"Ya yarda da wannan ma."

Yaya ya ƙura masa ido, ya jira. Sakan goma, ashirin, talatin. Ba a ji komai ba sai ƙarar garwashi. A karon farko tun da aka haɗa zuri'a, gefen bakin Yaya ya ɗan motsa.

"Yau na fara jin daɗin hira da kai," ya ce. Ya fara zare makullan daga zobensu.

Nas, duk da rigunanta, aikinta ya motsa ta. Ta shiga ɗaki ta fito da kofin ruwan ɗumi. "Ungo, kurkure, kafin ka shiɗe mana a nan a ce ina kallo."

Matar ta yi mata wani kallo, amma an makara. Ya zuƙa ta gefen baki, ya kurkure, ya murɗa. Haƙora suka rabu da ƙara, ɓas. Ya ja dogon numfashi, ya share hawaye, ya karkace kai, ya kanne ido.

"Alhamdulillahi! Yaya, ka ga wannan miyar, wuta ce kawai ta ci amanata. Amma batun kalar kamfanin nan, ni fa ban yarda da ita ba tun ban gan ta ba. Su me suka sani? Ka bar ni da gwangwanayen kwana ɗaya, in ɗan ɗiga musu..."

Hannun Yaya ya tsaya. Makullin da ya fito rabi ya fara komawa cikin zobe.

Matar ba ta yi gudu ba. Ta ɗauki cinya daga farantin tsohuwa, ta murɗa ta a kwano sau uku har ta yi kauri, ta dafa kafaɗar mijinta cikin ladabi, ta tura masa ita har ƙashi, ta tallabi haɓarsa ta rufe.

"Ƙara, Maigida, tun safe kake wahala." Ta juya ta shimfiɗa tafin hannu. "Kawo makullan, Yaya. Ya ce Litinin da ƙarfe bakwai."